Sharhi: Mai bugun zuciya a Ƙonni, Malbaza ko Illela, ina zai dosa cikin awa biyu?



Akwai maganar da kusan kowa ya taɓa ji a zaman makoki: "Lafiyarsa ƙalau. Da shi aka yi magariba, ya ce ƙirjinsa ya ɗan riƙe, kafin asuba sai labari." Mukan ce mutuwar fuju'a, mu yi addu'a, mu watse. Ajali gaskiya ne, babu mai ja da shi. Sai dai wani kaso na irin wannan mutuwa bugun zuciya ne, kuma tsakanin somawar ciwon da cikawar mutum sau da yawa akwai awoyi da likita zai iya yin wani abu a cikinsu.

Tun daga ranar 1 ga watan Satumban 2024 gwamnati ta rage rabin kuɗin da ake biya a asibitocinta. Wannan ya sauƙaƙa wa talaka tunkarar ƙofar likita, kuma mun yaba. Tambayar da ta rage ita ce: in mutum ya iso ƙofar nan dafe da ƙirji, ƙarfe biyun dare, me zai tarar a ciki? Ra'ayinmu a wannan sharhi shi ne, duk gyaran da ƙasa za ta yi wa agajin gaggawa na masu bugun zuciya, in bai sauko har asibitin gunduma da likitar ƙauye ba, mu mutanen wannan yanki sai dai mu ji labarinsa a rediyo.

Abin da ke faruwa a cikin ƙirji

Duk wanda ya yi noman rani a filayen ban-ruwa na Ƙonni ko na Galmi ya san abin da ke biyo baya in magudana ta toshe. Ruwa na nan a madatsar Mozage, amma komin albasar da ke bayan toshiyar zai fara yaushi, in an daɗe ya ƙone. Zuciya ma nama ce, tana da ƙananan jijiyoyinta da ke kai mata jini. Shekara da shekaru kitse na taruwa a bangon jijiyoyin. Wata rana wurin ya tsage, jini ya daskare a kansa, hanya ta rufe. Bayan kamar minti 20 zuwa 30 naman da ke bayan toshiyar zai fara mutuwa, kuma wanda ya mutu ba ya dawowa. In an buɗe hanyar a awa biyu ko uku na farko, ana ceto mafi yawansa. In an wuce awa 12, abin da za a ceto kaɗan ne.

Alamomin su ne nauyi ko matsewa a tsakiyar ƙirji, kamar an aza wa mutum buhun siminti, wanda ba ya saki ko an huta. Yakan bi hannun hagu, ko wuya, ko muƙamuƙi, ko baya. Sai zufa mai sanyi, da ƙarancin numfashi, da tashin zuciya. Mata da tsofaffi da masu ciwon suga kan zo da wata siga: kasala mai tsanani, haki, ko zafi a saman ciki. A nan ne muka fi yin asarar lokaci. Sai a ce olsa ce ta tashi, a jiƙa kanwa, a kawo nono, a ce bari mu ga safiya.

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne ko na masu kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a shekarar 2019, kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan mace-macen duniya, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na waɗannan mutane a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke. Hawan jini, wanda muke kira tansiyo, shi ne babban mai share wa ciwon hanya, kuma a wani lissafin hukumar na baya nahiyarmu ce ta zo kan gaba, inda aka samu kimanin kashi 27 cikin 100 na manya na ɗauke da shi. Da yawansu ba su ma sani ba. Ƙara da sigari da shisha, da gishiri da dunƙulen miya da suka yi mana yawa a tukunya.

Lissafin hanya

Hanya biyu ce ake buɗe jijiyar da ta toshe. Ta farko, a zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko ta cinya har zuciya, a buɗe wurin, a bar ɗan ƙarfe mai kamar raga ya tokare shi. Ita ce ta fi kyau, amma tana buƙatar ɗaki na musamman, da ƙwararren likitan zuciya, da wuta da ba ta ɗaukewa. Ƙa'idar likitoci ta duniya ta ce a zaɓi wannan hanya in za a iya yin aikin cikin minti 120 daga lokacin da aka gano ciwon. In ba za a iya ba, a koma hanya ta biyu: allurar narkar da daskararren jini, a yi ta nan take a inda mai ciwon yake, daga baya a wuce da shi babban asibiti.

To, mu buɗe taswira. Daga Ƙonni zuwa Yamai sama da kilomita 400 ne, ta Dogon Dutsi da Doso. Babu direban da zai ci wannan hanya a awa biyu, komai ƙarfin motarsa. Zuwa Tawa, inda babban asibitin jaha yake, kimanin kilomita 130 ne ta Tsarnawa da Badagishiri. Mutumin Illela sai ya fito kan babban titi tukuna. Na ƙauyukan Bazaga, ko Allela, ko Tajaye, ko Dogarawa kuwa, tafiyarsa ta fara ne a amalanke ko bayan kabu-kabu, in damina ce kuma sai ƙorama ta sauka. Da dare ga fargabar tsaro, wadda ta sa masu mota da yawa ba sa son fita.

Mutanen Malbaza na da asibitin mishan na Galmi kusa da su, wanda ke aiki tun 1950, har daga Najeriya ake zuwa. Ƙonnawa kuma sun saba tsallakawa Sakkwato, asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 ba. Amma mun ga abin da ya faru bayan sauyin mulkin 26 ga Yulin 2023: takunkumin CEDEAO ya rufe iyakar Ƙonni da Illelar Najeriya, aka yanke wutar da ke zo mana daga can, magunguna suka yi wuya, ba a sake buɗe iyakar ba sai watan Maris na 2024. Ƙasa ba ta jingina ran ƴaƴanta da ƙofar da makullinta ke hannun wani.

Wannan lissafi abu ɗaya yake nunawa. Babban asibitin da aka buɗe a Yamai a 2016 abin alfahari ne, kuma duk na'urar da aka ƙara masa alheri ce. Amma ga mai bugun zuciya na yankinmu, hanya ta farko ta rufe tun kafin a tada mota. Abin da ya rage masa ita ce ta biyu, kuma ita a kusa da gida ake yin ta.

Maganin ba sabo ba ne

A shekarar 1988 aka fitar da sakamakon wani babban bincike da masanan Jami'ar Oxford ta Ingila suka jagoranta, a kan masu bugun zuciya fiye da 17,000 a ƙasashe 16. Asfirin kaɗai, wannan dai da muka sani, ya rage mutuwa da kimanin kashi 23 cikin 100 a makonni biyar na farko. Allurar narkar da jini mai suna streptokinase ta rage da kimanin kashi 25. Da aka haɗa su biyun, ragin ya kai kashi 42. Shekara fiye da talatin kenan da sanin wannan, kuma duka biyun suna cikin jerin muhimman magungunan da OMS ta ce ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Sai dai allurar ba a yin ta da ka. Tana iya jawo zubar jini, har a cikin ƙwaƙwalwa. Ba a yi wa wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, ko mai gyambon ciki da ke zubar jini, ko wanda jini ya taɓa zuba masa a kai. Kuma wani nau'in bugun zuciyar ne kawai take yi wa amfani, wanda ba a gane shi sai da na'urar da ke zana bugawar zuciya a takarda, wadda likitoci ke kira ECG. Ƙa'ida ita ce a yi wa mai ciwon ƙirji wannan awo cikin minti 10 da isowarsa. Don haka komai ya rataya ne a kan wannan ƴar na'ura, da idon da zai karanta abin da ta zana.

Idon ba dole sai yana cikin ɗakin ba. A jihar Tamil Nadu ta kudancin Indiya, daga wajajen 2013, an ɗaure ƙananan asibitoci da manya rukuni-rukuni. Ma'aikacin ƙaramin asibiti zai yi awon, ya tura ta waya, likitan zuciya na birni ya duba ya ba da umarni, a yi allurar a nan, sannan motar asibiti ta kyauta ta ɗauki mai ciwon zuwa babban asibiti cikin awa 24. A Kamaru kuma wani matashin injiniya, Arthur Zang, ya ƙera na'ura mai suna Cardiopad don wannan aiki: a auna zuciya a ƙauye, sakamakon ya isa hannun likita a birni ta layin salula. Yau ma hoton takardar ECG da aka ɗauka da waya aka tura ta WhatsApp ya isa likita ya yanke hukunci. Mu da ke tura hoton buhun albasa Abijan a yi ciniki cikin minti biyar, wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Abin da muke jira daga hukuma

Tsarin lafiyarmu hawa-hawa ne: ɗakin shan magani na ƙauye, sai CSI, sai asibitin gunduma, sai na jaha, sai na ƙasa. Kowane hawa da abin da ya kamata ya iya.

A CSI, majo da mataimakansa su iya gane alamomin, su auna tansiyo da suga, su ba da asfirin, su buga waya gaba tun mai ciwon bai tashi ba. Manyan CSI da ke kan titi, irin inda kasuwanni ke ci, su ma a ba su na'urar ECG. A asibitin gunduma kuwa, ya zama akwai na'urar dare da rana, da takardarta, da iskar oksijin, da na'urar da ke girgiza zuciya da lantarki in bugawarta ta rikice, da allurar narkar da jini ko da kwalba kaɗan ce. Allurar ba ta son zafi, garinmu kuma a watan Afrilu da Mayu ya wuce digiri 40, saboda haka sai da firji mai aiki da hasken rana. Sannan a sa likitocin zuciya na Yamai da na jahohi su riƙa karɓa-karɓar kwana da waya guda, wadda kowane likitan gunduma ya san lambarta.

Na biyu, mota. Akwai hukumar agajin gaggawa ta SAMU mai lamba 15, wadda da yawanmu muka fara ji lokacin korona a 2020, akwai kuma ƴan kwana-kwana a lamba 18. Amma ga mutumin ƙauye, abin da ya fi yawan faruwa shi ne a ce akwai mota, babu mai, sai dangi sun haɗa kuɗin gazuwal. Kafin a zagaya gidaje, a sayar da akuya, a jira kuɗi daga ɗa da ke Libiya, awa uku ta wuce. A nan jaharmu, a gundumar lafiya ta Keita, an gwada wata dabara: kowane mai zuwa likita ya ƙara dala ashirin, wato sefa 100, a tara a asusu guda don ɗaukar marasa lafiya zuwa babban asibiti. Ranar da ta ɓaci, mota ta tashi ba tare da an tambayi kowa ko sisi ba. Abin da irin wannan asusu ke buƙata shi ne amana, da lissafin da za a karanta wa jama'a a fili.

Na uku, a duba mutum kafin a tambaye shi kuɗi. A watan Mayun 2019 babban taron lafiya na duniya, wanda Nijar ke da kujera a cikinsa, ya zartar da ƙudurin da ya buƙaci ƙasashe su samar da agajin gaggawa ga kowa ba tare da sharaɗin biya kafin a taɓa shi ba. Ragin rabin kuɗi mataki ne, amma rabin kuɗin da ba ka da shi a tsakar dare shi ma shinge ne. Sai dai a nan akwai darasi. Tun 2006 aka ce yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta ne, haka tiyatar haihuwa. Mutane sun ƙaru a likita ƙwarai, amma da gwamnati ta riƙa jinkirin mayar wa asibitoci kuɗinsu, sai kantocin magani suka bushe, aka koma rubuta wa iyaye takarda su sayo a waje. In za a ce agajin gaggawa sai bayan an duba ake biya, to a ware kuɗinsa tun a kasafi, a kuma biya a kan kari. In ba haka ba, majo ne za a bari da jama'a suna zaginsa a kan laifin da ba nasa ba.

Masu cewa akwai abin da ya fi wannan

Wani zai ce: a ƙasar da zazzaɓin sauro ke kwashe yara duk damina, mata na mutuwa wajen haihuwa, tamowa ba ta ƙare ba, ina aka ga kuɗin ciwon zuciya? Maganar tana da nauyi, kuma gaskiya ne cewa a yau waɗancan sun fi kisa. Gaskiya ne kuma cewa ba kowane ciwon zuciya ne bugun zuciya ba. A ƙasar Hausa likitoci sun fi ganin zuciyar da hawan jini ya gajiyar, da wadda ke kumbura wa mata bayan haihuwa, ciwon da aka yi nazarinsa sosai a Zariya tun shekarun 1970.

Amma a duba abubuwan da muka lissafa. Motar da ke da mai a tanki ita ce za ta ɗauki mai naƙudar da jini ya ɓalle mata. Oksijin ɗin shi ne na yaron da numfashi ya sarƙe masa. Ma'aikacin da aka koya wa tantance wanda ya fi matsuwa shi ne zai tarbi waɗanda suka yi haɗari a babban titin Yamai zuwa Maraɗi, inda manyan motocin siminti da na albasa ke zirga-zirga ba dare ba rana. Na'urar ECG kuma tana taimaka wa likita ya rarrabe sauran cututtukan zuciyar. Abin da ya keɓanta da bugun zuciya kaɗai shi ne allurar, ita ma ba a ce a zuba ta a kowane ƙauye ba. Kuma wanda ciwon ya fi ɗauka shi ne magidanci ko uwar gida mai shekara arba'in da wani abu zuwa sittin, wanda bakuna goma ke ci daga hannunsa.

Namu kason

Kafin hukuma ta yi nata, akwai abin da ke hannunmu. Ciwon ƙirji mai nauyi da ya kai kwata ɗin awa bai saki ba, musamman da zufa ko haki, a tafi likita a lokacin, ko ƙarfe nawa ne. Kada mai ciwon ya taka da ƙafa, kada ya tuƙa babur da kansa. A zaunar da shi a jingine, a sassauta masa tufafi. A buga wa majo waya, in ya amince a ba shi asfirin miligiram 300 ya tauna. Ban da wanda asfirin ba ya karɓarsa, da mai aman jini ko baƙin bayan gida, da wanda bakinsa ya karkace ko ɓarin jikinsa ya mutu, don wannan wani ciwon ne daban. Asfirin ɗin ma na farmasi, kada a sayi wanda ya wuni a faranti cikin rana. In mutum ya faɗi ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirjinsa a riƙa dannawa da ƙarfi, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓar juna har taimako ya zo. Addu'a da tofi ana iya yin su a cikin mota. Malamanmu sun sha faɗa cewa neman magani bai saɓa wa tawakkali ba.

Kowane gari ya san tun yau motar wa za a tasa da dare, kuma lambar direban da ta majo su kasance a wayar mai gari, da liman, da shugabar mata. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ku kuma ƴan uwa da ke Abijan, Legas, Akara, Aljeriya, Libiya da sauran wurare, mun san ba ku taɓa gazawa ba. Da an ce tsoho ya kwanta, kuɗi ya iso ta Nita ko Amana kafin azahar, in an yi rashi ku ne da buhunan sadaka. Roƙonmu shi ne wani kaso na wannan kuɗi ya riga ciwon isowa. A ajiye kuɗin mota a hannun amintacce a gida. A sa iyaye su riƙa auna tansiyo, wanda aka ɗora a kan magani kuma a tabbatar bai yanke ba, don maganin hawan jini ba a barinsa wai an ji sauƙi. Ƙungiyoyinku da suka gina masallatai da rijiyoyi da azuzuwa suna iya sayen na'urar ECG ko firjin hasken rana. Amma ku fara zama da babban likitan gunduma, ku ji abin da ya fi buƙata da wanda zai kula da shi, kada kaya su zo su kwanta a kwali. Ƴan kasuwar albasa da masana'antar siminti ta Malbaza su ma suna da hannun da za su sa.

A taron kwamitin kula da likita na gaba, ko in kun haɗu da shugabannin ƙananan hukumominku, ga abin da za ku tambaya: akwai na'urar ECG mai aiki a asibitin gundumarmu, har da dare? Wa ke karanta ta? Akwai allurar narkar da jini? In an kira mota, wa ke zuba mai? Mu ma za mu miƙa waɗannan tambayoyi ga hukumomin lafiya na Ƙonni, Malbaza da Illela, kuma duk amsar da suka bayar za ku ji ta a wannan tasha.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan waɗanda suka riga mu.